Ga ɗan yayata da tsararrakinsa, kafin a ɗinka ankon

Ranar Laraba bayan la'asar ɗan yayata ya shigo shagona a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, da atamfa a leda, fuskarsa kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Ya ce, "Kawu, riga da wando nake so kafin 11 ga wata. An ba ni muƙami." Wai shi ne mai tara samari a wata ƙungiyar matasa da wani mai hali ya kafa a unguwarsu. Na ce to garejin fa? Ya ce ya roƙi maigidansa hutun wata biyu. Na ce me ƙungiyar ta tsaya a kai? Bai yi inda-inda ba: kare tarbiyya, girmama manya, zaman lafiya, da hana 'yan tada zaune tsaye rushe ƙasa.

Na ajiye almakashi, don waɗannan kalmomin, da wannan jerin, su na faɗa wa mahaifina a zaurenmu a 1991.

Na tambaye shi me ya sa ake maci ranar 11 ga Fabrairu, ba wata rana ba. Ya ce ranar matasa ce mana. Shekara nawa yana taka ƙasa a rana tun yana firamare, bai taɓa tambaya ba. Ranar ce a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamaru da ke hannun Ingila: kudancinsa ya zaɓi haɗewa da mu, arewacinsa, inda Mubi take, ya bi Najeriya. Shi ya sa ƙanwar kakarsa da ke Mubi sai an tsallaka iyaka ake gaishe ta. Sai a 1966 aka mai da ranar ta matasa. A wannan shekarar ce kuma Ahmadu Ahidjo, shugaban ƙasar Kamaru na farko, ya haɗa jam'iyyarsa ta UC, wadda aka kafa a nan Garwa a 1958, da jam'iyyun yammacin ƙasar, aka samu jam'iyya ɗaya tilo, UNC. Ita ce ta yi reshen mata da reshen matasa, JUNC. Da aka sauya wa jam'iyyar suna a Bamenda a 1985 ta zama RDPC, reshen matasan ya zama OJRDPC. Duk wata ƙungiyar samari ta unguwa da ke kiran kanta mai riƙon gargajiya a arewacin nan, ta sani ko ba ta sani ba, daga wannan tukunyar ta ɗebo kalmominta.

Kuma kalmomin ba na banza ba ne, wannan nake so yaran yanzu su gane kafin su yi mana dariya. Ahidjo ya zama firaminista a 1958 yana da shekara 33, ana yaƙi a kudu da 'yan tawayen jam'iyyar UPC, ƙasa mai harsuna sama da 200, wani ɓangare ya tashi a hannun Faransa, wani a hannun Ingila. Abin da ya kafa a kai shi ne haɗin kan ƙasa ya fi komai, jayayya kuwa ƙofar wargajewa ce. A arewa bai rushe sarauta ba, ya jawo lamido da lawan da jauro ya sa su cikin tsarin mulki. To yaron da ya tashi yana jin "bin na gaba bin Allah ne" a makarantar allo, ya ji shi a gida, ya zo ya ji shi a bakin gwamnati, ta ina zai ga aibu? Abin da ba a koya mana ba shi ne ɗaya gefen: dokar 1962 da ta sa maganar baki kaɗai kan iya kai mutum gidan yari da sunan zagon ƙasa, wadda ba a soke ta ba sai a Disamba 1990. Aikin saurayi a wannan tsarin shi ne ya yi maci, ya yi tafi, ya jira lokacinsa.

Ni ina da shekara 23 lokacin da jam'iyyu da yawa suka dawo. Waɗanda ba su ga 1991 ba ba za su san tsoron da ke gari ba. 'Yan adawa suna neman babban taron ƙasa, gwamnati ta ƙi, aka shiga abin da ake kira matattun birane: kasuwa a rufe sai Asabar da Lahadi, hayaƙin taya a kan titi. Ga kuma ciwon abin da ya biyo bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu 1984 bai warke ba a gidaje da yawa na Garwa, ga Ahidjo ya rasu a Dakar a 1989 an binne shi can. Mutane na da dalilin fushi. Amma mahaifina dattijo ne mai sayar da goro, in bai fita ba ba a ɗora tukunya. Sai wani Alhaji, ba zan kama sunansa ba, ya tara mu a gidansa ya ce mu ne 'ya'yan mutunci, mu za mu tsare unguwa. Ba reshen wata jam'iyya ba ce a takarda, tasa ce. Ya ba mu riga iri ɗaya da jaka biyu-biyu.

Har gobe ina cewa da niyya mai kyau na shiga. Mun hana a ƙona shaguna biyu, wannan gaskiya ne, kuma masu shagunan suna raye. Mun raka mata asibiti da dare. Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba.

Na bar shagon maigidana saura wata takwas a yaye ni. Keken ɗinki Butterfly da mahaifiyata ta saya mini da kuɗin adashinta, na rufe shi da buhu, daga baya na sayar don in yi manyan kaya irin na masu zama kusa da Alhaji. Mahaifina ya ce, "Wanda ya ba ka riga, shi ke da kafaɗarka." Na ce masa ai manya nake girmamawa. A gabansa na faɗi haka, ina saɓa masa.

Sai daren takardar. Bayan isha'i Alhaji ya kira ni ɗakinsa na ciki, ya miƙo mini biro da takardar da aka yago daga littafin makaranta, ya ce in rubuta sunayen yaran da ke tare hanya. Ya ce don a ja musu kunne ne kawai ta hannun iyayensu. Na rubuta bakwai. Na biyar abokina ne, wanda muka yi karatun allo tare, muke cin tuwo a kwano ɗaya, muke zuwa wanka Binuwai a ɓoye. Na gan shi da idona yana mirgina taya, ban yi masa ƙarya ba. Shekaru na yi ina riƙe da wannan hujjar. Kwana uku aka zo aka tafi da su. Ya yi sati biyar a tsare, ya fito kunnensa na hagu ba ya ji.

Mahaifiyarsa ta zo gidanmu da safe. Ba ta yi zagi ba. Ta tsaya a tsakar gida da mayafinta a hannu, ta ce wa mahaifiyata, "Yaya, ni na taya ki wankan jegonsa." Ina cikin ɗaki ina jin ta, ban fito ba.

Ban san za a yi masa haka ba. Ko kuwa na sani, ban so in sani ba? Yaro ne ni, an ce mini ƙasa za ta kama da wuta, kuma wallahi alamun wutar na nan. Amma shi ma yaro ne. A zaɓen 'yan majalisa na Maris 1992 RDPC mai mulki ta samu kujeru 88, jam'iyyar adawa ta UNDP ta Bello Buba Maigari 68, sai kujeru 6 na MDR ta Dakole Daisala suka cika wa gwamnati rinjaye. A 1997 Bello Buba ya shiga gwamnati. Manya sun zauna sun daidaita, kuma ban ga laifinsu ba, aikinsu ke nan. Alhajinmu kuwa ya aurar da 'yarsa ga ɗan mutumin da ya ce mana maƙiyin ƙasa ne. Da darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairu 1994 na je wurinsa neman jari, aka ce yana barci. Na koma ɗinki ina da shekara 29, yaron shagon wanda na girma.

Na yi niyyar rubuta muku shawarwari goma, da na zauna na ga ba su kai ba.

Kada ka bar sana'arka. Ko awa ɗaya ta aiki kada ka ba su, su jira ka bayan magariba. Yaran yanzu kuna ganin wayar hannu da hoto kusa da babban mutum su ne arziki, a saka ku a Facebook kuna washe baki, ba ku iya ɗaura zip ba, ba ku iya kwance injin babur ku mayar ba. Ku ma tarbiyyar da kuke cewa kuna karewa, a tsaye kuke gaishe da iyayenku, kunne a toshe da waya!

Kada hannunka ya rubuta sunan kowa. Ko ka gan shi da idonka. Ko liman ne ya ce ka rubuta.

Da farko na so in ce kada ku shiga kowace ƙungiya, kuma rabin zuciyata har yanzu haka take cewa. Amma in 'ya'yan kirki duk sun zauna a gida, wa aka bar wa unguwa? Ku shiga, in za ku iya tambaya a gaban kowa: wa ke biyan kuɗin rigar nan, kuma me yake so? Ku girmama manya, ban janye wannan ba ko kaɗan, amma babban da za ka fara bi shi ne wanda ya haife ka, ba wanda ya same ka da gemu ba. In kuwa ba za ka iya tambayar ba, to zauna a gareji.

Ɗan yayata ya saurare ni yana duba waya. Ya ce, "Kawu, zamaninku daban ne." Na ce ya bar atamfar, ya koma wurin maigidansa gobe da safe, in na ji daga bakin maigidan cewa ya koma, zan yanka. Tana nan kan teburi a ledarta.

Abokin nawa yana sayar da kayan babur a babbar kasuwa. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa, in tambayi iyali, ya ce lafiya lau. In zan yi masa magana sai in zagaya ta damansa.