"Za mu biya idan an buga": darasi mafi tsada a sana'ar marubuci mai zaman kansa

Wanda ya daɗe yana cin abinci da alƙalami ba tare da albashi ba ya san cewa rubutun shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ke karya marubuci mai zaman kansa jimla ɗaya ce da ke zuwa a saƙon farko na edita, wadda murnar an karɓi shawarar labari ke hana mutum kula da ita: "za mu biya idan an buga."

Ga yadda take cin mutum. A ce an amince da shawararka a watan Janairu. Ka yi bincike, ka yi hira da mutane, ka miƙa aiki a Fabrairu. Edita ya dawo da shi sau uku a Maris, ka gyara. Aka ce zai fito a Afrilu, sai wani labari mai zafi ya ture shi zuwa Yuni. Sashen kuɗi ba ya karɓar takardar neman biya sai labari ya fito, kuma ƙa'idarsu kwana 60 daga ranar da takardar ta shiga. Kuɗin aikin Janairu zai iso a Agusta, idan komai ya tafi daidai ke nan. Idan editan ya bar aiki a Mayu, wanda ya gaje shi ba shi da wani alƙawari da kai. Labarin ba a buga ba, ba a kuma ce an ƙi shi ba, don haka ba ka da ikon kai shi wani wuri. Yana nan a rataye har ya tsufa, alƙaluman ciki su daina aiki, mutanen da ka yi hira da su su fara tambayarka ina labarinsu, kai ke jin kunya.

Editan da ke cewa "ka ƙara haƙuri, yana kan layi" albashinsa na shiga duk ƙarshen wata, ko an buga ko ba a buga ba. Haƙurin da yake rabawa bai taɓa aljihunsa ba. Da yawansu ba mugaye ba ne, amma tsarin ya ɗora asarar jinkiri gaba ɗaya a kan wanda ba shi da ta cewa a ranar bugawa, kuma babu wanda zai gyara maka wannan idan ba ka nema ba tun kafin ka rubuta kalma ɗaya.

Abin da ake nema shi ne biya idan an karɓi aiki, kuma a fayyace me ake nufi da karɓa. A rubuta cewa idan kwana 14 suka wuce da miƙa aiki ba a aiko da gyara ba, an karɓa. A rubuta yawan gyara: zagaye biyu a cikin farashi, na uku da kuɗinsa. A bambanta gyara da sauya aiki, domin wanda ya nemi labari kan manoma sannan ya ce a mayar da shi kan 'yan kasuwa sabon aiki ya kawo, ko da ya kira shi "ɗan gyara kaɗan". Sai kuɗin fasawa, wato abin da za a biya idan sun fasa bugawa ba don laifinka ba. Abin da aka saba gani yana tsakanin kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na farashin, kuma da an biya shi labarin ya dawo hannunka. Na ƙarshe wa'adi: idan kwana 90 suka cika ba a buga ba, kana da 'yancin sayar da shi ga wani. Duk wannan ba ya buƙatar lauya. Saƙon imel mai layi shida wanda ɗaya ɓangaren ya amsa da "na amince" ya fi hirar waya ta awa guda, domin abin da aka faɗa a waya kowa da yadda zai tuna shi.

Mujallu da jaridu ba kasafai suke ba da kafin alƙalami ba, amma kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane dole su bayar. Kashi 30 zuwa 50 kafin a fara. Aiki mai tsawo kamar rubuta wa wani littafi da sunansa a raba shi uku: kashi ɗaya a farko, ɗaya idan an kai rabi, cikon kafin a miƙa babin ƙarshe. Kafin a miƙa, ba bayan an miƙa ba. Wanda ya ji haushi don an nemi kafin alƙalami ya riga ya nuna yadda ranar biya za ta kasance.

Akwai wuraren da doka ta shiga maganar. A birnin New York, tun 2017, aikin da ya kai dala 800 dole a yi masa yarjejeniya a rubuce, kuma idan ba a sa ranar biya ba, wa'adin kwana 30 ne bayan kammala aiki. A Birtaniya dokar 1998 ta ba mai bin bashin kasuwanci damar ɗora ruwa na kashi 8 a kan mizanin kuɗin ruwa na babban banki, Tarayyar Turai ma ta kafa makamanciyar ƙa'ida a 2011 har da diyyar yuro 40 a kan kowane bashin da aka jinkirta. Sanin wannan yana da amfani idan mai ba ka aiki yana can, domin ambaton dokar a saƙo kan farkar da sashen kuɗi. Amma kai ƙara daga wata ƙasa saboda kuɗin labari ɗaya, ɗawainiyar ta fi kuɗin yawa, kuma su ma sun san haka.

Makamin da ya fi doka saurin aiki shi ne haƙƙin mallaka. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, rubutu naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi, ba sai ka yi rajista ba. Don haka a sa layi ɗaya: haƙƙi ba ya komawa hannun mai saye sai an biya kuɗi cif. A kuma duba me ake sayarwa. Izinin bugawa na farko daban, sallama duk haƙƙoƙi har abada daban. Wanda ya sallama duka ba zai iya fassara labarinsa ba, ba zai sa shi a littafinsa ba, alhali su suna iya sayar da shi sau goma. Idan lallai duka suke so, farashin ya tashi.

Farashi kuwa, lissafin kalma yana yaudara. Labari mai kalma 1,500 da ke buƙatar hira uku ba ɗaya yake da sharhi mai kalma 1,500 da za a rubuta daga kai ba. Hirar awa ɗaya tana cin kusan awa huɗu idan da hannu za a kwafe ta. A tara awannin bincike, hira, kwafa, rubutu da gyara, a raba kuɗin da su, sau da yawa abin da ya fito kan sa mutum ya yi shiru. A kuma tuna cewa lokacin neman aiki, tura shawarwarin da ba a amsa ba da bin bashi ba wanda ke biyansa, dole ya shiga cikin farashin ayyukan da aka samu. Dandalin intanet ma da nasa yanka: Fiverr, dandalin da ke haɗa masu aiki da masu ba da aiki, na cire kashi 20 na kowane aiki, yana kuma riƙe kuɗin yawancin masu aiki kwana 14 kafin a iya cira, sannan ga la'adar turawa da ta canji. A yi lissafi da abin da ya iso hannu.

Sauran darussan gajeru ne. Kada mutum ɗaya ya zama fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarka, domin ranar da ya rufe ƙofa kai ma ka rufe. A ware kuɗin haraji daga kowane biya a asusu dabam ranar da ya shigo. Rubutun gwaji kyauta kada ya wuce sakin layi biyu, ayyukanka na baya su ne gwaji. A adana muryar hira da rubutun farko-farko, musamman tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 wasu suka samu sabuwar hujjar ƙin biya, wai na'ura ce ta rubuta, bisa shaidar manhajojin da su kansu suna kuskure. Tarihin gyare-gyare na manhajar rubutu ta Google Docs yana kashe wannan gardama cikin minti biyar.

Bin bashi shi ma da tsarinsa, kuma kunya ba ta cikinsa. Takardar neman biya ta tafi ranar da aka karɓi aiki, da lamba, da kwanan wata, da ranar cikar wa'adi a rubuce da alƙaluma. Washegarin cikar wa'adi a tura tunatarwa mai layi biyu. Bayan kwana 7 a sake, a haɗa da takardar. A kwana na 14 a tsallake edita a rubuta wa sashen kuɗi kai tsaye, shi ya sa ake neman adireshinsu tun ranar farko, lokacin da kowa ke fara'a. A kwana na 30 a dakatar da duk wani aiki nasu da ke hannu, a faɗa musu dalili ba tare da zafi ba. Yawanci a wannan matakin ne ake gano cewa takardar da aka ce ta ɓace tana nan, kuma sa hannun da aka yi wata biyu ana jira yana samuwa kafin a tashi daga aiki.