Daren da na mayar labari

Ina ɗan shekara 23 wani abu ya same ni a sallar dare. Ina cikin sujada ƙirjina ya yi sanyi, hawaye suka ɓalle, na daɗe ban iya ɗago kai ba. Iyakar abin ke nan. Da gari ya waye na ba abokina labari. Kafin in maimaita sau uku har wani haske ya shigo cikin zancen, hasken da ni ban gani ba. Ban tashi da niyyar ƙarya ba, yadda masu sauraro ke zaro ido ne ya ja ni.

Daga nan na koma tashin dare don farautar wancan yanayi. Goshina a ƙasa, zuciyata kuwa tana tsara yadda zan faɗa gobe. Da rana ga saurin fushi saboda rashin barci, ƙanena ya taɓa ƙofa sai in daka masa tsawa.

Ƙannena, ba duk mai ba da irin wannan labari ne yake riya ba. Wani tsoro ne ya kama shi, yana neman wanda zai ce masa hankalinsa ƙalau. Wani godiya ce ta cika shi, kuma ayar ƙarshe ta Suratud Duha ta ce a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Nawa dai son a ji ne, abin da malamai ke kira sum'a, na lulluɓe shi da wannan ayar.

Ku duba mafarki. Hadisi ya ce mafarki nagari kashi ɗaya ne cikin 46 na annabci, duk da haka aka ce kada ka faɗa sai ga wanda kake ƙauna. Annabi Yaƙub ma ya hana Yusuf gaya wa 'yan'uwansa nasa. Imam Gazali, yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ce, sai ya bar kujerar a 1095, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai bayan shekara 11. Ni kuwa hawayen dare ɗaya na kasa riƙewa.

In abu ya same ku, ku kai wa mutum ɗaya mai ilimi, wanda ba zai yi muku kirari ba. Ni sai da na gama yawo da nawa na kai wa wani dattijon malami. Ya saurara har ƙarshe, carbinsa bai tsaya ba. Ya ce, "Masha Allah. To ɗana, tun da abin ya faru, mutanen gidanku sun ce ka fi daɗin zama?"

Na yi shiru, na tuna ƙanena tsaye a bakin ƙofa, rannan ashe asuba ya zo tashina.