Balbela, bango da ɗakin karatu: darussan da na koya kafin in miƙa makulli

Wanda zai gaji wannan teburi zai tarar da fayil uku a durowa ɗaya: na ƙawata gari, na koke-koke kan tsuntsaye, da na ɗakin karatu. A takarda babu abin da ya haɗa su. Amma layin itatuwa guda ya taɓa haɗa su a damina ɗaya, kuma har yau ba a gama gyara ɓarnar ba. Da ita zan fara.

Kowa a Katsina ya san yadda balbela ke yi da darbejiya, wadda mu nan muke kira bedi. Da rani kwana kawai take zuwa yi, gari na wayewa ta bi shanu. Ruwa na sauka sai ta kafa sheƙa, ɗaruruwa a itace guda. Takan yi ƙwai uku zuwa huɗu, ta kwanta a kansu kamar kwana 23. 'Ya'yan ba sa iya tashi sai sun kai wata guda, ba sa rabuwa da iyaye sai wajen kwana 45. Idan aka haɗa lissafi, daga ƙwai zuwa rabuwa da iyaye ana maganar wata biyu da ɗoriya, kuma ba rana ɗaya duk suke farawa ba. Saboda haka daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba itacen da balbela ta kama ba na taɓawa ba ne.

A cikin Agusta aka taɓa shi. An kammala zane a katangar ɗakin karatu, babban baƙo zai zo buɗewa, itatuwan bakin titi kuma suna wari, ƙasansu ya yi fari fat da kashi. Umarni ya sauko da baki, ba a rubuce ba: a sassare rassan kafin ranar. An ce, "Ranka ya daɗe, akwai 'ya'ya a sheƙa, a bari sai bayan kaka." Amsar ita ce baƙo ba zai jira tsuntsu ba. Leburori suka hau da adda da zarto.

Ga abin da ke biyo bayan irin wannan aiki, daki-daki, domin kada wani ya ce bai sani ba. Ranar farko sheƙuna su zubo, 'ya'ya da ƙwai su tarwatse a ƙasa. Cikin kwana biyu, da laimar damina, warin mushe ya ninka warin kashin da aka gudar wa, ƙuda da karnuka su taru. Iyayen kuma ba sa barin unguwa, domin abincinsu na nan kusa. Itace mafi kusa suke komawa su sake gini. A wannan karon mafi kusa su ne guda biyu da ke cikin harabar ɗakin karatu, rassansu sun rufe kwano da saman katangar da aka zana.

Farin da ke cikin kashin tsuntsu asid ne. Yana cin fenti, yana cin kwanon rufi, idan ya yi yawa har itacen kansa yake kashewa. Ruwan sama ya riƙa wanko shi daga saman katanga, ya yi layi-layi a fuskar zanen kafin a cika wata. Tsinkayen sheƙa da ganye suka toshe indararo, ruwa ya taru ya koma ta ƙarƙashin kwano, silin ya jiƙe, ya ɗiga kan kantoci biyu na littattafai a ranar Asabar da ba kowa. Littafin da ya jiƙe, awa 48 gare shi kafin fumfuna ta kama. Da aka buɗe ranar Litinin lokacin ya wuce.

Takardar tuhuma ba ta je wurin wanda ya ba da umarni ba. Ta sauka kan waɗanda suka ce a jira, da hujjar cewa ba su ba da shawara a rubuce ba. To, an ji. Daga ranar duk umarnin da ya zo da baki, a mayar da shi takarda kafin a ɗaga adda: "Kamar yadda ka umarta yau, ranar kaza, za a yi kaza, abin da muke hange shi ne kaza." A sa kwanan wata, a kai wa akawu ya buga hatimin karɓa, a riƙe kwafi a gida. Ba rashin ladabi ba ne. Maigidan kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa dama saboda shi aka rubuta.

Yadda ya kamata a yi da balbela ba wuya, lokaci kawai yake so. Tsakanin Fabrairu da Afrilu, kafin shamuwa ta iso, a rage rassan ciki masu cokali inda sheƙa ke zama, a buɗe tsakiyar itacen iska da haske su ratsa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a shekara guda, kuma kada a yi masa aski kwal, domin tohon da zai fito ya fi na da duhu, shi ma tsuntsu ya fi so. A fara da itatuwan da ke kan rufi da katanga, a bar na nesa da gini yadda suke, domin sai an bar mata wurin zuwa. A makon da ta fara kawo tsinke, a sa yara biyu ko uku da gwangwani da dogon gora daga la'asar zuwa magariba, kullum, har kwana goma. Da an ga ƙwai a tsaya. Mutum-mutumi da tsohon faifai mai ƙyalli suna aiki kwana kaɗan, daga nan ta saba. Shamuwa kuma ko ta yi sheƙa a tsakiyar ofis a ƙyale ta. Taɓa ta rigima ce da dattawan unguwa.

Tantabara tata daban ce, ita cikin silin take so, kuma ba ta da lokaci, duk shekara tana ƙwai biyu-biyu, kwana 18 ta ƙyanƙyashe. Maganinta toshe ƙofa: raga mai idon da bai wuce inci biyu ba a duk tagar iska da ƙarƙashin kwano, bayan an tabbatar babu ko ɗaya a ciki. Duk dakalin taga da take sauka a ɗora masa siminti mai gangara, rabin miƙewa, ƙafarta ba za ta zauna ba. Wajen kwashe tsohon kashi kada a share shi a bushe, ƙurarsa na ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu. A yayyafa ruwa da Hypo, gwangwani ɗaya cikin goma na ruwa, a jira ya jiƙa, a kwashe da shebur, lebura na sanye da takunkumi da safar hannu. Guba kuwa, duk wanda ya kawo shawararta a tambaye shi kajin wa za su fara ci. Idan aka ga tsuntsaye na mutuwa da yawa babu dalili, kada kowa ya ɗauka da hannu, a kira likitan dabbobi. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna wannan ba abin wasa ba ne.

Koken janbaki ma nan yake faɗowa, musamman da gero ya fara nuna. Ba aikin wannan teburi ba ne, na ma'aikatar gona ne, amma abin da suke buƙata daga gare mu shi ne inda garken ke kwana, ba gonar da ya ci ba, domin a makwanci ake feshi da almuru. Tsuntsu ɗaya na cin kamar giram 10 a rana, jinkirin mako guda ba ƙarami ba ne. A kuma sanar kada a tsinci wanda feshi ya kashe a kai kasuwa.

Shi kansa zanen bangon, ko babu tsuntsu da ba zai daɗe ba. An shafa fenti a kan filasta mai kwana tara, alhali siminti na son kwana 28 kafin ya karɓi fenti. Ba a yi shafin farko ba, ba a yi wa katangar hula mai ɗan baki da zai jefar da ruwa nesa da fuskarta ba. Lita ɗaya ta fentin waje na rufe murabba'in mita takwas zuwa goma a shafi guda, kuma shafi biyu ake yi. Ɗan kwangilar da lissafinsa ya gaza haka, ruwa zai ƙara. Kada a yi shafi cikin ƙurar hunturu, kada a yi da tsakar ranar Afrilu da zafi ke kai 40, fenti ya bushe kafin ya kama. Oktoba zuwa farkon Nuwamba ta fi. A bar kamu biyu daga ƙasa da launi mai duhu ba zane, nan gishirin ƙasa ke tasowa ya ɓare komai. Idan aikin gargajiya ake so, na laka da makuba da zankwaye, a nemo magina na asali, kuma a sa kuɗin yaɓe na kowace shekara a kasafi tun farko.

Abin da za a zana, a kai wa mai unguwa da hakimi su gani a takarda kafin a sayi buroshi. Dagi, kakaki, tambari, hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro, rijiyar Kusugu idan a Daura ne, ba wanda zai yi magana. Siffar mutum a shataletale za ta jawo wa'azi ranar Juma'a. Kuma duk abin da aka gina a shataletale kada ya tare wa direba ganin mai babur da ke ɗaya gefen.

Na ɗakin karatu gajeru ne. Kanta ta tashi daga ƙasa kamu ɗaya, ta bar bango, a duba bayanta duk wata saboda gara. Littafin da ya jiƙe a tsayar da shi a buɗe gaban fanka a inuwa, rana na murɗe shi. Tsohon rubutun ajami kada a manna masa salatif, kada a rufe shi da leda mai zafi. A share indararo a watan Mayu, a sake a Agusta. Makullin ranar Asabar ya kasance a hannun wanda ke kusa. Lokacin JAMB da WAEC kujera da fanka da wurin cajin waya suka fi sabon littafi jawo yara, kuma rufewa ƙarfe huɗu daidai lokacin da suka taso daga makaranta kuskure ne.

Rahoton wata kuma, a daina rubuta "ana kan aiki". A ce itace nawa aka rage, a wane titi, ranar yaushe, saura nawa. Sanarwa ga jama'a ta bi rediyo da masallaci da masu unguwanni kwana bakwai kafin aiki, da Hausa. Kwafin takardun bara suna cikin koren fayil, a ƙasan durowa ta biyu, har da waccan takardar tuhuma da amsarta.