Duna da ƙarar babur

Duna baƙin kare ne da na karɓo daga gonar kawuna a Giwa don gadin gida. Yana ɗan wata biyar wani mai acaɓa ya banke shi, ƙafar baya ta karye. Ƙafa ta warke, amma tun daga ranar, da ya ji ƙarar babur sai gashin bayansa ya tashi, ya zabura yana haushi har sarƙa ta shaƙe shi. Maƙwabta suka ce mugun kare ne, sai da bulala. Na bi shawararsu, kuma har yau ina nadama, domin ni ma ya koma tsorona. Ko hula na ɗaga hannu zan gyara, sai ya laɓe bayan randa.

Ranar da na kai shi allurar rigakafin haukan kare a Zariya, likitar dabbobi ta dube shi ta ce, "Malam, kalli yadda ya cusa bindi tsakanin ƙafafu. Wannan tsoro ne, ba mugunta ba. Duka ƙara masa zai yi."

Ita ta koya mini yadda zan horar da shi da hanta. Ina dafa ta ba kayan miya, in yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ban da tsire ko kilishi, don albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare jini. Da yamma mu tafi filin ƙwallo, ɗana ya hau babur can nesa, kamar taku sittin. Duna na hango babur, hanta ta shiga baki. Babur ya ɓace, hanta ta tsaya. Kullum babur ne farko, sannan lada, har ƙarar da ke firgita shi ta zama albishir. Dabarar ta samo asali daga binciken Pavlov, masanin Rasha da ya ci kyautar Nobel a 1904, kuma a 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fito fili ta ce da lada ya kamata a horar da kare, ba da azaba ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tazara. Idan Duna ya ƙi cin hanta, to mun matso da yawa, tsoro ya rufe masa ciki. A mako na uku na yi gaggawa na rage nisan da rabi, ya birkice, muka koma baya kamar ba mu fara ba. Daren nan raina ya ɓaci ƙwarai. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa shi ya riƙe ni.

Yanzu wata huɗu ke nan. Har yanzu ba na kai shi bakin titi, kuma yara masu jifa na hana su zuwa ƙofar. Amma jiya mai fiya wata ya shigo layinmu a kan babur, Duna ya ɗaga kunne, ya kalle shi, sannan ya juyo ya zuba wa aljihuna ido.