Kunkurun teku a Nungwi

Na dawo Damagaram lafiya, Alhamdulillahi. Masu tambayar tsaraba, ku yi haƙuri, hotuna kawai na kawo.

A Zanzibar, can ƙarshen tsibirin Unguja ta arewa, akwai ƙauyen masunta da ake kira Nungwi. Nan aka kai mu wurin kiwon kunkurun teku na Mnarani, wanda mutanen garin suka kafa tun 1993. Ni ina jiran in ga manyan akwatunan gilashi, ashe wani kududdufi ne a cikin dutse, ruwan teku na shigowa ta ƙarƙashi, yana hawa yana sauka da kansa. Idan kunkuru ya faɗa komar masunta, nan ake kawo shi a yi jinyarsa, daga baya a mai da shi teku.

Aka ba ni ciyawar ruwa in miƙa musu. Wani ƙato ya taso, bayansa ya kai faɗin faifan Inna, ya leƙo da kai ya ja numfashi da ƙarfi, don da huhu suke shaƙa, ba irin na kifi ba. Ba shi da haƙori ko ɗaya, amma wallahi da ya fizgi ciyawar sai da na duba yatsuna. Ƙafafunsa na gaba kuwa fuka-fukai ne sak.

Yaran garin ko a jikinsu, sun saba. Ni ɗan Birni kuwa, sai da abokin tafiyata ya ce, "Malam, mota za ta tashi fa!"