Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Iya mai ƙosai

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin mata na masu ciwon ƙirji. Zuwana ya zo daidai da hunturu, kuma duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar Hausa ya san daga Disamba zuwa Fabrairu gadajen ɗakin nan ba sa hutawa. Hazo da sanyin asuba su ke tayar da tsohon ciwo.

A lokacin aka kawo wata dattijuwa da kowa ke ce wa Iya. Tun tana amarya take suyar ƙosai da itace. Ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba, amma hayaƙin murhu ya yi wa huhunta irin ɓarnar da taba ke yi. Likitoci na kiran ciwon COPD: hanyoyin iska sun ƙuntace, abin da aka shaƙa ba ya fita duka, kuma inda ya lalace ba ya gyaruwa. An riga an gaya wa 'ya'yanta haka. Shi ya sa da jikinta ya rikice suka ɗauka lokaci ne ya yi, suka yi ta zama da ita a gida.

Babbar 'yarta ta ja ni gefe. "Sista, ai an ce mana ba magani."

Na ce, "Yaya, tsohon ciwon ne ba ya warkewa. Wannan da ya hau kansa sabo ne, yana jin magani."

Har yau maganar nan tana ci mini rai, don na ga tsofaffi da yawa sun wahala a banza saboda ita. Na tambaye ta ko kakin ya ƙaru, ko launinsa ya sauya, ko hakin ya fi na kullum. Duka ta ce e, daga fari ya koma kore. Jikin Iya bai yi zafi ba, amma tsoho yakan kamu da ciwon ƙirji ba zazzaɓi, sai dai ka ga ya daina cin abinci ko magana ta fara rikice masa. Aka tura kakin gwajin tarin fuka, likita ya rubuta amoxicillin da prednisolone na kwana 5, da maganin shaƙa. Saura kuma aikinmu ne.

Iya ba ta iya kwanciya, don haka muka tayar da kan gadon, muka ɗora filo a kan tebur ta kifa ƙirjinta, hannuwa a gaba. Na koya mata ta ja iska ta hanci, ta tsuke leɓe ta sake ta a hankali kamar mai hura koko. Idan numfashi ya sarƙe cikin dare, tsoro ne ke fara kama ta, tsoron kuma ya ƙara sarƙe shi. Sai in zauna daidai fuskarta, jikarta tana yi mata fifita da mafici, don iska mai sanyi a fuska tana rage jin shaƙewa. "Iya, ga ni nan. Fitar da ita, kada ki yi gaggawar ja." Bakinta yakan bushe, sai mu jiƙa shi, mu ba ta ruwa kurɓi-kurɓi don kakin ya saki. Da hakin ya ƙi lafawa duk da haka, likita ya ƙara mata morphine na sha, ɗan kaɗan.

Rigimarmu da ɗanta a kan oksijin ce. Ya ga na'urar yatsa mai auna oksijin ɗin jini tana nuna 90, ya miƙa hannu zai ƙara. Na riƙe shi.

"Malam, don Allah bar shi. Mai irin ciwon Iya tsakanin 88 da 92 ake riƙe shi. In ya yi yawa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita sai ta taru a jininta. Za ka ga ta yi barci ka ce sauƙi ne, alhali suma ce ke tafe."

Bai ji daɗi ba, amma ya janye hannunsa. Ban ga laifinsa ba, uwa ce.

Kafin kwanakin maganin su cika kakin ya washe, gwajin tarin fuka ya fito ba komai, Iya ta nemi kunun tsamiya. Ba ta koma yadda take a da ba, ko bayan gida sai an riƙa ta. Ranar da likita ya zagayo ta kama bakin rigata ta ce, "'Yar nan, ki gaya masa gida nake so. In ya sake tashi ma, kada a dawo da ni."

Ɗanta ya ce sam. Unguwarsu wuta ba ta zama, injin oksijin kuwa sai da lantarki, ga kaskon garwashi da take jin ɗumi da turaren wutar da ba ta rabuwa da shi, alhali oksijin da wuta ba sa zama ɗaki ɗaya. Likita ya ce a tara 'ya'yan duka ranar Alhamis, ni ma in zauna.

Yadda zaman ya kaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.