Firinta ta ƙi aiki bayan sabunta kwamfuta

Jama'a, yau ranar biyan albashi firintar ofishinmu ta tsaya cak. Da daddare kwamfutoci suka sabunta Windows, da safe duk takardar da aka tura sai ta maƙale a layi. Oga har ya ce a kira mai gyara ya kwance ta. Na ce, ranka ya daɗe, a ɗan dakata, lafiyarta ƙalau.

Matsalar tana wajen direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta. Tsohuwar ce ba ta dace da sabon tsarin ba. Na tsayar da Print Spooler, wato sashen Windows da ke kula da layin takardun da za a buga, na share takardun da suka taru a layi, na cire tsohuwar direbar gaba ɗaya, sannan na sauko da sabuwa daga shafin kamfanin firintar. Amma sai da aka nemo kalmar sirrin admin, wato mai ikon sarrafa kwamfutocin ofis, domin tun watan Agustan 2021, bayan ɓarakar tsaro da aka gano a Print Spooler mai suna PrintNightmare, ko daga babbar kwamfutar ofis ma, ma'aikaci ba ya iya saka direba sai da izinin admin.

Abin da ya dame ni, wasu na cewa a kashe sabuntawar kawai. Ban yarda ba, kwamfutocin nan bayanan albashin mutane ke cikinsu. Kafin azahar dai takardu suka fita, Alhamdulillahi.